Harhaɗa Ƙananan Motocin Roba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi maimaitawa idan mutum ya ga 'yar ƙaramar mota a kan kanta, aka ce masa da hannu aka haɗa ta aka kuma yi mata fenti. Wasu na masu shirin farawa ne, wasu kuma na waɗanda suka riga suka fara, fenti ya ba su kunya.

Wai ba motar wasan yara ba ce?

Motar wasan yara a haɗe take zuwa, a yi ta tura ta a ƙasa har tayoyinta su zube. Wannan kuwa kwali za ka buɗe ka tarar da ɓangarori, wani lokaci fiye da ɗari, kowanne maƙale a jikin reshen roba, babu fenti: bodi daban, shasi daban, ga kujeru, sitiyari, salansa, gilasai, fitilu, wata ma har da injinta. Sai takardar bayani mai zane-zane da takardar sitika. Kai za ka yanke, ka goge, ka fenta, ka manna, har ta fito tamkar motar gaske aka ƙanƙance. Idan an gama ba a tura ta, ajiyewa ake yi ana kallo.

Duk wanda ya taso yana ƙera motar kara ko ta langa-langa, yana yanka tsohon silifas ya yi mata taya, ya san daɗin abin tun tuni. Bambancin kawai, a nan ba a aiki da ƙiyasin ido. Komai da awonsa.

Mene ne 1:24, 1:18 da 1:43 da ake rubutawa a kwalin?

Ma'aunin ƙanƙantawa ne. 1:24 na nufin kowace santimita 24 a jikin motar gaske ta koma santimita 1. Fijo 504 mai tsawon kusan mita huɗu da rabi za ta dawo kusan santimita 19. Yawancin motocin haɗawa na Japan da Turai a 1:24 suke, kamfanonin Amurka irin su AMT kuma sun fi yin 1:25. Ido ba ya raba su sai an jera su kafaɗa da kafaɗa. 1:18 da 1:43 galibi na ƙarfe ne masu zuwa a haɗe, 'yan mitsi-mitsin Hot Wheels da Matchbox kuwa wajen 1:64 suke. Idan lambar ta ƙaru motar ce ke raguwa, wannan yakan rikita sabon shiga.

Ka riƙe lissafin nan a kai, domin shi zai hana ka ɓarna a gaba. Fenti mai kaurin milimita ɗaya a jikin motar 1:24 daidai yake da kaurin milimita 24 a motar gaske, wato kusan inci guda na fenti. Tsagin da ke tsakanin ƙofa da bodi bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba idan an ƙanƙance shi. Lafta fenti sau ɗaya ya isa ya cike shi, ƙofa ta ɓace.

Su wa ke yin su, kuma wanne zan fara da shi?

Airfix na Ingila ya fara ne da tarakta ƙirar Ferguson a 1949. A Amurka AMT ya soma da yi wa dillalan motoci 'yan samfura na talla, daga 1958 kuma ya shiga sayar da su a warwatse don mai saye ya haɗa da kansa, ko dai yadda ta fito daga kamfani, ko ta tsere, ko ta gayu. Revell ma daga Amurka ya taso. Heller na Faransa ne, shi ya sa za ka ga Renault da Citroën da Fijo sun yi yawa a kayansa. Italeri na Italiya ya yi suna wajen manyan motoci da tireloli.

Amma cibiyar harkar a yau Shizuoka ce ta Japan, inda Tamiya, Hasegawa, Aoshima da Fujimi suke, kuma a can ake babban baje kolin kayan duk watan Mayu. Tamiya a 1946 kamfanin katako ne, daga baya ya koma roba. Lokacin da suke shirin fitar da Porsche 934 a ma'aunin 1:12 a 1976, Porsche 911 ta gaske suka saya suka kwance ta ɗaiɗai don su auna kowane ƙarfe. Shi ya sa kayansu ke shiga juna ba gardama, kuma shi ya sa nake cewa sabon shiga ya fara da su ko da sun ɗan fi tsada. Ka nemi wadda bonet ɗinta ba ya buɗewa, wato babu inji a ciki, ɓangarorinta ba su da yawa. Volkswagen Beetle ta 1966 da Tamiya ke yi tana da inji, amma ba ta da wahala, ga ta mota ce da iyayenmu suka sani. Tsofaffin kayan Amurka da aka zuba a mazubin shekaru hamsin baya a bar su sai hannu ya faɗa, suna buƙatar gyara da ciko kafin su zauna.

A ina ake samu a nan?

Da wuya ka shiga shago ka tarar da su a jere. Yawanci ta intanet ake oda, ko a ba wa matafiyi saƙo, kuma sau da yawa kuɗin aikowa kan kamo kuɗin kayan. Dabara ita ce ku haɗu mutum biyu ko uku ku yi oda ɗaya. Gwangwanin fentin feshi ba a ɗauko shi a jirgin sama kamar sauran kaya saboda yana kama wuta, don haka shi a gida za ka nema. Abin da ya cancanci ka yi odarsa tare da motar shi ne gam ɗin roba da salatif ɗin rufe fenti mai kyau.

Wane kayan aiki nake buƙata tun farko?

Ba su da yawa. Abin yanke farce mai kaifi ko ƙaramar filaya mai yanka, wuƙar tiyata ko sabuwar reza, matsefata, tsinken sakace, buroshi ƙanana biyu ko uku, da sanfefa mai laushi: lamba 400 ko 600 don gyara, 1000 zuwa 2000 don sulɓi. Masu sayar da kayan fentin mota suna da ita, irin wadda ake gogawa da ruwa. Ƙaramar bindigar feshi da kwamfuresa suna da daɗin aiki, amma kada su zama sharaɗin farawa. Motoci masu kyau da yawa da gwangwanin feshi aka yi su, shi kuma ba ruwansa da ɗauke wuta.

Wajen cire ɓangare daga reshe kada ka murɗa shi da hannu, zai ɓantaro nama. Ka yanke nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka bi guntun da reza da sanfefa. Kuma kada ka cire komai gaba ɗaya, lambobin a jikin reshen suke, ba a jikin kayan ba.

Sufa gulu bai isa ba?

Yana da wurinsa, amma ba shi ne gam ɗin aikin ba. Robar da ake yin motocin da ita, folistarin, tana da nata gam wanda narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin haka ake aiki da shi: ka haɗa ɓangarorin biyu a bushe, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan buroshinsa, shi da kansa zai bi tsagin ya shige. Ka kula kada yatsanka ya kasance a kan layin, domin zai bi ƙarƙashinsa ya bar maka zanen yatsa a jikin robar.

Wannan gam ba ya kama fenti, ba ya kuma kama ɓangarorin da aka yi wa ruwan azurfa mai ƙyalli, irin bamba da giril. Sai ka kankare daidai inda za a manna. Sufa gulu na ƙarfe ne da ƙananan abubuwan da aka riga aka fenta, ɗigo ɗaya a kan tsinke. Kada ya kusanci gilashi. Tururinsa ke bin gilashin ya bar farin hazo, musamman inda yatsa ya taɓa. Gilasai da fitilu da farin gam na kafintoci ake manna su, yana bushewa garau, in ya yi yawa kuma a goge da jiƙaƙƙen auduga.

Me ya sa ake ɓata lokaci a kan bodi kafin fenti?

Domin fenti ba ya ɓoye aibi, tona shi yake yi, balle mai sheƙi. Duk fanbita ya san wannan. Idan ka ɗaga bodin ka karkata shi ga haske, za ka ga wani siririn layi ya bi ta saman fenda ya gangara kusurwar bamba, ya kuma hau ginshiƙin rufin baya. Wannan layin zubi ne, inda bakin mazubin ya haɗu. Motar gaske ba ta da shi. Ka bi shi da sanfefa 600 a hankali, sannan 1000, kana lura kada ka share tambarin kamfani ko hannun ƙofa. Inda robar ta ɗan loɓa sai ciko. Tsagin ƙofofi da bonet kuma ka ɗan zurfafa su da bayan wuƙa, ja biyar ko shida marasa nauyi, don kada fenti ya cinye su.

Daga nan wanka da ruwan sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe da kansa. Tawul yana barin zare. Sai firaima, wato fentin share fage da ake fara fesawa kafin launi, mai ruwan toka, siriri. Amfaninsa uku ne: yana ba fenti abin kamawa, yana kare robar daga tina mai zafi, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, yana kuma nuna maka duk ƙarzunan da ido bai gani ba. Kusan kullum bayan firaima na farko sai ka koma ga sanfefa. Idan fentin ƙarshe fari ne, ja ko rawaya, farin firaima za ka sa, in ba haka ba launin zai fito a dushe.

Fenti iri nawa ne, kuma ana iya haɗa su?

Uku ne manya. Akirilik, wanda yawancinsa ruwa ko sinadarin alkohol ke tsinka shi, ba wari sosai, ya dace da kujeru, dashbod da shasi. Inamel, wato fentin mai, yana kwanciya lumui da buroshi amma yana daɗewa bai bushe ba. Sai lakka, dangin selulos ɗin masu fentin mota, mai saurin bushewa da tauri, shi ya fi dacewa da bodi, shi ne kuma mai tina mafi zafi.

Ƙa'idar ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Akirilik ko inamel a kan lakka lafiya lau. Lakka a kan inamel kuwa, kana tsaye za ka ga fentin ya tattare ya yamutse. Gwangwanayen feshi na kasuwa da yawa ba sa faɗin ko wane iri ne, wasu kuma suna cin roba tsirara. Gwaji ba ya cin kuɗi: ka samo cokalin roba na cin abincin biki, irin mai ƙaras idan an karya, ka yi masa duk abin da za ka yi wa motar, firaima, launi, kiliya (fenti garau marar launi da ake fesawa a ƙarshe don sheƙi), a jere da tazarar da za ka bayar. Abin da ya faru da cokalin shi zai faru da motarka.

Yaya ake feshin ba tare da ya zuba ba?

Ka ɗora bodin a kan lanƙwasasshiyar wayar rataye kaya ko gorar ruwa da salatif, yadda za ka juya shi ba ka taɓa ba. Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur. Tazara kamar santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna feshin kafin ka iso motar, ka wuce ta sannan ka saki, domin tofin fenti a farkon dannawa da ƙarshenta yake fitowa. Zagaye biyu na farko yayyafi ne kawai, har kana hango firaima a ƙasa. Ka jira minti goma zuwa sha biyar tsakaninsu. Na uku ne za ka ɗan rage sauri har fuskar ta jiƙe ta yi sheƙi, sai ka tsaya. A nan ne zuciya ke cewa ƙara ɗaya, a nan ne kuma fenti ke zubowa ta gefen ƙofa. Sauri ya haifi nawa: ɗigon da ya zubo sai ya bushe kwanaki, a goge, a sake.

Yanayinmu fa? Ƙura da zafi ba sa hanawa?

Wannan ita ce tambayar da takardun bayanin Japan da Jamus ba za su amsa maka ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ga iska a bushe, roba kuma idan an goge ta da ƙyalle sai ta riƙa jawo ƙura da kanta. Kafin feshi ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin, ka kashe fanka, ka cire rigar sanyi mai gashi. Ka tanadi babbar robar ajiye kaya mai tsabta a gefe, kana gama feshi ka kifa ta a kan motar, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke don tina ya fita. Idan ƙwayar ƙura ta faɗa, kada ka kai hannu. Bari ya bushe, sanfefa 2000 da ruwa za ta ɗauke ta.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, fentin kan bushe a iska kafin ya sauka, sai fuskar ta fito da gurza-gurza ko ƙuraje irin na ɓawon lemo. Maganinsa feshin sassafe bayan asuba, a inuwa, a kuma ɗan matso kusa. Kada ka shanya bodi a rana don ya yi saurin bushewa, rufin da ginshiƙan sirara ne, suna lanƙwashewa. Da damina kuma, musamman a Agusta, danshi ke sa lakka ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Ranar da aka yi ruwa ko hadari ya haɗu, ka koma kan kujeru da inji, ka bar bodi. A ganina 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazo sun fi kowane lokaci daɗin fenti.

Sitikar ta ƙi mannuwa, ko ta yi fari a ƙasa. Me ya jawo?

Ba irin sitikar da ake ɓarewa ba ce. Yankewa ake yi, a tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin, a ajiye a kan ƙyalle har ta fara zamewa daga takardar, sannan a zamar da ita kai tsaye kan motar. Ka jiƙa wurin tukuna don ka iya gyara mata zama da buroshi, sannan ka matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa baki. Farin da kake gani iska ce ta maƙale a ƙasa, kuma hakan na faruwa ne idan fentin ba mai sulɓi ba ne. Akwai ruwan laushi irin Micro Sol da Mark Fit masu sa ta kwanta a kan lanƙwasa. Idan ka shafa za ta tattare kamar ta lalace. Kada ka taɓa, za ta miƙe da kanta.

Ina sirrin sheƙin nan kamar madubi?

Kiliya da haƙuri. Bayan sitika ta kwana biyu, ka fesa kiliya, farko yayyafi don kada ya ƙona ta, sannan zagaye biyu ko uku masu jiƙa. Ka ajiye aƙalla mako guda idan lakka ne, inamel kuwa ya fi haka nesa. Ka shinshina, muddin kana jin warin fenti bai gama ba. Sannan sanfefa 2000 da ruwa har sheƙin ya mutu gaba ɗaya, 3000 idan kana da ita, sai man goge fenti da tsohuwar singileti mai laushi. Ka yi hattara da kusurwoyi da bakin ƙofofi, fenti a nan ya fi siranta, goga uku ta isa ta fito da firaima.

Kiliyar masu fentin mota mai haɗi biyu tana ba da sheƙi na ban mamaki, amma gubarta mai tsanani ce ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Ban ga dalilin da mai aiki a tsakar gida, ga yara suna kai-komo, zai taɓa ta ba. Ko sauran fentin ma a waje ko bakin taga ake fesa su, nesa da murhu da risho.

Fentin ya lalace. Shi ke nan motar ta tafi?

A'a. Ana wanke shi. Alkohol mai ƙarfi irin na aisofurofil yana cire akirilik da yawancin lakka idan an jiƙa bodin a rufaffen mazubi. Wasu na amfani da man birki, yana aiki, sai dai yakan sa robar ta yi gautsi idan ta daɗe a ciki. Tinar masu fenti da fetur kuwa narkar da motar za su yi. Ruwan azurfar bamba, idan ya yi ƙyallin da ya wuce misali, bilicin wanki yana cire shi, sai ka sake fentawa yadda kake so.

Zan iya yin irin motocin da muke gani a titunanmu?

Nan ne harkar ta fi daɗi. Aoshima na yin Hiace da Hilux, Tamiya na da Land Cruiser 80, Revell na da Land Rover Series III, duk a 1:24. Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, an fi samunta ta ƙarfe, irin ta Norev a 1:18 da 1:43. Ita ma ana kwance ta a wanke fentin a mayar da ita tasi ko motar haya.

Motar haya kuma ba ta sheƙi. Ka kankare alli mai launin jar ƙasa ya zama gari, ka shafa da busasshen buroshi a bayan tayoyi, ƙasan ƙofofi da gilashin baya, ka bar inda waifa ke sharewa fes. Tsatsa da ɗan guntun soso ake ɗiga ta, a bakin fenda da ƙasan but, inda ruwa ke kwanciya, ba ko'ina ba. Ƙofa ɗaya ka yi mata launin da ya ɗan saɓa, alamar an taɓa canza ta. Buhunan kan kariyar ɗora kaya da takardar tishu da ruwan farin gam ake yin su, igiyar ɗauri da zaren ɗinki. Wayoyin fulogi kuwa, siraran wayoyin da ke cikin mataccen abin sauraron waya sun yi daidai da awon. Mai son bodin katako sai ya samo shasin babbar mota ya gina sauran da tsinken askirim, ya rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a goshinta. Kafin ka fara, je tasha ka ƙare wa motar gaske kallo, ka ga inda datti ke taruwa da inda hannun kwandasta ya goge fenti.

Akwai matsala ta fuskar addini?

Maganar malamai a kan sassaƙa da zane ta shafi abu mai rai ne, mota kuwa ba ta da rai. Wasu kwalayen, musamman na motocin tsere, suna zuwa da ɗan mutum-mutumin direba. Wanda bai natsu da shi ba ya bar shi a kwali, motar ba ta rasa komai ba.

Yaya zan adana wadda na gama?

A cikin akwatin gilashi ko na roba mai haske, nesa da taga. Rana tana dusar da launi, tana sa kiliya ta yi rawaya. Ƙura da buroshin kwalliya mai laushi ake kaɗe ta, ƙyalle yana fizge madubi da waifa. Tayoyin wasu kwalayen, musamman tsofaffi, suna da sinadarin da ke cin roba idan sun daɗe suna taɓa ta, don haka ka fenta bakin wili kafin ka sa taya, a kwalin da ba ka haɗa ba kuma ka ware tayoyin a leda daban, kada su kwanta a kan gilashi. Idan za ka ɗaga motar, ka kama ta ta ƙasan ƙofofi da yatsa biyu. Madubin gefe shi ke fara karyewa, don haka tun wajen haɗawa ka huda gindinsa da allura mai kauri, ka sa guntuwar waya ta shiga cikin ƙofar.